Muryar da Ta Tsallake Darni

Nafi na durƙushe gaban murhu tana fifita wuta da faifai, hayaƙin ɗanyen icce duk ya cika mata ido, sai ta ji an yi gyaran murya a bayanta. Ko ba ta waiga ba ta san mai ita.

"Sheri, masoyina! Ka dawo?" ta faɗa da ƙarfi, har da ƴar dariyarta.

Dalhatu ya zaro ido, ya dubi ɗakin mahaifiyarsa, ya ɗora yatsa a leɓe. "Ke! A hankali mana — Inna na ciki."

"To me na ce? Ashar na yi?"

"Ba ashar ba ce, amma nan ba Magaria ba ne."

Ta murguɗa baki ta ci gaba da fifitarta. Tun da aka kawo ta gidan nan bara, ba ranar da ba ta jin wannan magana. Kada mai karatu ya ɗauka Nafi fitsararriya ce, wallahi ba haka ba ne. A gidan mata zalla ta tashi. Mahaifinsu ya rasu tana goye, uwarsu Rabi'atu ta riƙe su da tuyar ƙuli-ƙuli, ita da yayyenta mata. Gida ne da ba a rage murya don kowa: in an ji daɗi a yi shewa, in rai ya ɓaci a faɗa a wuce wurin. Dalhatu kuwa ɗan ƙauye ne da aka turo kolej a Magaria, ya sauka a maƙwabtansu. Yaro ne shiru-shiru, in ya zo sayen ƙuli-ƙuli sai Nafi ta tsare shi da surutu har ya manta abin da ya kawo shi. Daga nan soyayya ta ƙullu. Shi ya tsaya a birbe, jarrabawar ƙarshen kolej, ya koma gida taya mahaifinsa noma da kiwo, ita ta kai lise, babbar sakandare. Ma'aikata sun yi ta zarya a ƙofar gidansu, ta ce ita dai Dalhatu. Aka ɗaura, aka kawo ta Garin Jibo, wata ƴar tunga a bayan Guci.

Gidan surukinta Malam Jibo wata duniya ce dabam. Namiji na magana, mace na kallon ƙasa. Inna Tabawa, mahaifiyar Dalhatu, Nafi ba ta taɓa jin ta ce wa mijinta komai ba ban da "To, Malam" da "Yadda ka gani, Malam." Abin da ya fi ci wa Nafi rai shi ne, Inna kan kira autanta Sadisu sau ba adadi a yini, ta yi masa faɗa, ta ajiye masa kindirmo, amma Dalhatu, ɗanta na fari, ko inda yake ba ta kallo, ita ma Nafi daga "kin tashi lafiya" sai "sannu". Nafi ta san ana kunyar ɗan fari, amma a birni ta ga an mai da abin wasa. Don haka ta yanke a ranta cewa tsohuwar nan ba ta ƙaunarsu, shi ke nan.

Dalhatu ya tsuguna kusa da ita kamar mai gyara icce. Wannan karon ta rage murya.

"Gobe ne fa randebuna, ranar awon ciki. Sajfam, ungozomar likita, ta ce in na sake tsallake awo ni da ita ne. Ga ƙafafuna a kumbure, ba zan iya takawa har Guci ba."

"Gobe ni ke da kiwo."

"To ka gaya wa Baba mana."

"In ce masa me? In dubi tsabar idon Baba in ce matata na da..." Ya kasa ƙarasawa, ya sosa ƙeya. "Haba Nafi! Cikin fari? Ai gara ƙasa ta tsage in shige."

Ta ƙyalƙyale da dariya. "Kai dai da kunya kamar amarya! To yaya za a yi?"

"Zan roƙi Sadisu ya riƙe mini. Mu fita da moto, in goya ki ta bayan gari, kafin azahar mun dawo, ba wanda zai sani."

"Dakor, na yarda. Allah Ya bar mini kai."

Haka aka yi. Sadisu ya amsa, ya kora shanu da sassafe. Sai dai Sadisu saurayi ne da rabin hankalinsa ke cikin portabul, wayarsa ta hannu. Da rana ta take, ya bar shanu a fadama, ya hau tudun da ake samun rezo, wato sabis na waya, ya miƙe ƙafa gindin aduwa yana kallon kokowa. Kaka ce, wake ya nuna ya cika gonaki. Kafin ya ɗago kai, shanu sun afka gonar Maina maƙwabcinsu, sun yi mata kaca-kaca. Ya kora su da gudu, ya dawo gida ya yi gum da bakinsa. Shi kuwa Maina ya bi sawun kofato har garken Malam Jibo.

Washegari da hantsi aka cika ƙofar zaure, Maina da liman da dattawan tunga. Darnin kara ne kawai ya raba wurin da tsakar gida, inda Nafi da Inna Tabawa ke surfe a turmi ɗaya, don haka komai a kunnensu ake yi.

Malam Jibo mutum ne mai gaskiya, ba ya cin haƙƙin kowa, amma akwai zuciya! Kuma ba abin da ya tsana a duniya kamar a ce shanunsa sun yi ɓarna.

"Wa ke da kiwo jiya?" ya tambaya.

"Ni ne, Baba," in ji Dalhatu, kansa a ƙasa.

"Kai ne? Kai da nake tinƙaho da kai a gari? Tun kakana ba a taɓa kawo ƙarar garken nan ba, sai a kanka. Ashe ragon banza na haifa! Aure ya lalata ka, ka koma kwana a inuwa. Karsanar da na ba ka, a kwance ta a kai wa Maina."

"To, Baba."

Sadisu na rakuɓe a gefe yana tonon ƙasa da tsinke. Nafi ta dubi Inna. Inna ta ci gaba da surfenta kamar ba ta ji ba, sai dai taɓaryarta ta riƙa sauka da nauyi. Da Malam Jibo ya sake maimaita "ragon banza", zuciya ta ɗebi Nafi, ta yar da taɓarya ta matsa jikin darni.

"Wallahi Baba ba Dalhatu ba ne! Jiya yana tare da ni a likita, awon ciki ya kai ni! Ku tambayi Sadisu!"

Tsit! Ko tari ba wanda ya yi. Kai jama'a, a numfashi ɗaya yarinyar nan ta yi abin da matan tunga ba su taɓa ji ba. Ta jefa murya cikin taron maza, ta kama sunan mijinta tsirara, ta ambaci ciki gaban suruki, ta kuma ƙaryata maigida a idon baƙi. Inna Tabawa ta dafe ƙirji tana salati a hankali. Dattawa suka shiga gyaran hula, kowa na neman inda zai ajiye idonsa.

"Muryar wa nake ji a gidana?" in ji Malam Jibo. Ya juya. "Sadisu, kai ka yi kiwo jiya?"

Sadisu ya sunkuyar da kai. "A'a, Baba."

Malam Jibo ya dubi Dalhatu. "Kai fa? Me ka ce?"

Allah Sarki Dalhatu. In ya ce gaskiya ta faɗa, ya kunyata mahaifinsa gaban jama'a, ya tona ƙaninsa, ya kuma yarda da bakinsa cewa ya saci hanya ya kai mata awo. Ya buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Baba, ka yi haƙuri, yarinta ce."

"To yarintar ta tattara ta koma gidan uwarta yau ɗin nan. Ba ta sake taka mini gida sai ta durƙusa gaban mutanen nan ta ce ƙarya ta yi. In ta ƙi, ka sallame ta. Na gama magana!"

A kan moto Nafi ba ta ce uffan ba, hawaye kawai ke jiƙa bayan rigarsa. Sai da suka yi nisa ya tsaya gindin wata tsamiya, ya kashe moto.

"Nafi, ki yi mini magana mana."

"Yarinta ce ko? Ni na tsaya maka, kai ka kwance mini zani a kasuwa!"

"Na sani. Wallahi na sani." Muryarsa ta karye. "Kin ɗauka mata ne kawai ba su da baki a gidan nan? Ni ma tun ina yaro 'to' aka koya mini. Da na ɗago in yi magana sai harshen ya ƙi."

Ta dube shi da jajayen idanu. "Sakina za ka yi?"

"Ko wuƙa aka ɗora mini a wuya ba zan furta ba. Yadda zan dawo da ke ne ban sani ba."

Da Rabi'atu ta ji labari, da farko tsalle ta yi ta dire, ta ce ƴarta ba baiwar kowa ba ce. Amma da kwanaki suka tura, ta ga ciki na girma, sai jikinta ya yi sanyi. Ran nan suna murza tunkuza ta ce, "Nafi, ni na cuce ki. Na koya miki tuya, na kai ki lakwal kika yi boko, amma ban koya miki bakin zama da maza ba, don ni ma na daɗe da mantawa. Ki je ki ce ƙarya kika yi. Kalma ɗaya ce. Mata nawa suka haɗiye abin da ya fi wannan don su riƙe ɗakinsu?"

"Mama, in je in shaida da bakina cewa mijina ragon banza ne? Ɗan da zan haifa ya tashi ya tarar da haka?"

"To ki zauna ya tashi ba uba a gida, ki ga wanda ya fi."

Nafi ta kifa kai a gwiwa ta yi kuka mai isarta. Ba ta sake yi wa uwarta gardama ba, ba ta kuma amsa ba. Ta ci gaba da taya ta aiki, tana kai kukanta wurin Allah. Kowace yamma Dalhatu kan hau tudu ya kira ta. A nan ta ji cewa Malam Jibo ya matsa masa a kan sakin, shi kuma ya durƙusa ya ce, "Baba, ka yanke mini kowane hukunci, amma ban da wannan." Tun daga ranar uban bai sake amsa gaisuwarsa ba.

Wata ranar kasuwa, Nafi na ɓarar gyaɗa a tsakar gida, aka yi sallama. Ta ɗago — Inna Tabawa! Matar da ko Guci sai ta daɗe ba ta leƙa ba, ga ta a Magaria, motar kasuwa ta jijjige ta, da ƙwarya a ka. Rabi'atu ta shimfiɗa tabarma, aka gaisa, aka sake gaisawa, aka sha ruwa. Can Rabi'atu ta ce bari ta duba mai a wuta, ta ba su wuri.

Inna ta tura wa Nafi ƙwaryar. Man shanu ne, sabon kaɗi. "Na ce wa Malam zan kawo mai Magaria. Bai tambaye ni gidan wa ba, ni kuma ban faɗa ba."

"Na gode, Inna. Ina su Baba? Ina Sadisu?"

"Suna lafiya." Tsohuwar ta mai da idonta kan bango. "Yayan Sadisu ba ya cin tuwo. Yadda na aika kwanon haka yake dawo mini. In na gani, ni ma sai nawa ya ƙi wucewa."

Nafi ta saki baki. Sai yanzu ta ga yadda Inna ta rame.

"Inna... ashe kina..."

"Ke, rufe mini baki." Ta share ido da bakin mayafi. "Kin ɗauka dutse ne a ƙirjina ko? Da aka haife shi, in zan ba shi nono sai na juya fuska, don kar a ce ba ni da kunya. Haka aka koya mana. Amma ba a hana ido gani ba. Tun da kika shigo gidan nan yaron ya koyi dariya, ina daga ɗaki ina jin ku."

Kunya ta kama Nafi, ta rufe fuska da tafin hannu.

"Saurara, ƴar nan. Tun da na shigo gidan Malam ban taɓa ce masa a'a ba. Amma abin da ban so ba, ki bincika ki ji ko nawa aka yi. In ya tashi sayar da saniyar da bai kamata ba, ba na cewa kar ka sayar. Sai in bari ya ci ya ƙoshi, in ce, 'Malam, ashe jar nan ita ta fi nono bana.' In ja bakina. Da safe sai ki ji ya ce ya fasa, kuma shi a wurinsa shawararsa ce."

Nafi ta yi dariya cikin hawaye.

"Malam ba azzalumi ba ne. Ke ce kika tare shi gaban mutane, ba ki bar masa ta inda zai juya ba."

"To in je in ce ƙarya na yi ke nan?"

"A'a! Wa ya ce miki? Ban taɓa ce masa a'a ba, amma ban taɓa ce masa i a kan ƙarya ba. Ki rarrabe kayan. Ɗaga murya naki ne, kama suna naki ne, faɗin abin da ake sakayawa naki ne. Ki durƙusa ki ba da haƙuri a kansu da zuciya ɗaya. Amma gaskiyar ba laifi ba ce, kar ki nemi gafara a kanta. Ki faɗe ta a hankali, kanki a ƙasa."

Nafi ta ɗago. "Inna, ashe kin san gaskiya na faɗa?"

"Ni na miƙa wa Sadisu goran fura da safen ranar."

"To me ya hana ki faɗa?"

"Da wane bakin? Uwa ta tsaya wa ɗan fari? Ai sai matan tunga su yi ta yi da ni har in mutu. Ga shi ɗayan ma ni na haife shi."

Wannan karon sai da Nafi ta auna maganar, sannan ta ce a hankali, "Inna, ki gafarce ni. Ke kunya ta rufe miki baki. Shi biyayya ta rufe masa. Ni an ce in rufe nawa. To wa ya rage masa a duniya?"

Inna ta juye man a kwano, ta ɗauki ƙwaryarta, ta ce rana na yi, kar mota ta tashi ta bar ta.

Ranar Juma'a bayan la'asar, Kawu Ƙasimu, ƙanin Rabi'atu, ya kawo Nafi Garin Jibo. Mutanen ranar nan suka sake taruwa a ƙofar zaure. Nafi ta cire takalmi tun daga nesa, ta ja mayafi ya sauko mata har goshi, ta durƙusa a bakin tabarma da ƙyar saboda nauyin jiki. Dalhatu na gefe, ya zama kamar wanda ya tashi daga jinya.

"Baba," ta fara, sai an kasa kunne ake jin ta, "na ɗaga murya a inda ba a jin muryar mace. Na kama sunan da bai kamata in kama ba. Na faɗi abin da ake sakayawa gaban iyaye. Rashin sani ne, ba raini ba ne. Ni ƴarka ce, ka yafe mini don Allah."

Liman ya gyaɗa kai. Fuskar Malam Jibo ta ɗan saki. "Wannan na yafe. Saura ɗayar."

Kawu Ƙasimu ya ɗan zungure ta da ido. Nafi ta ƙara sunkuyar da kai.

"Baba, duk ƙasar nan an san ba a ƙarya a gidanka, kai ka hana. In ka ce kar in sake tayar da maganar, har kabarina ba mai jin ta a bakina. Amma in ce ban ga abin da na gani ba — Baba, ina tsoron ranar da za a tsayar da ni a tambaye ni."

Dattawa suka dubi juna. Maina ya ce "Uhm" a maƙoshi. Malam Jibo ya so ya karɓa, an ga alama, amma girman kai ya riƙe shi.

"Wato dai har yanzu tana kan bakanta. Ƙasimu, ɗauki ƴarku."

"Baba!" Dalhatu ne, ya rarrafo gaba. "Ni na kai ta. Na bar kiwo ban gaya maka ba. Kunya ce ta hana ni faɗa, ta sa na bar ta ita kaɗai ranar nan. Gaskiya ta faɗa, Baba."

"Rufe mini baki! Mace ta shanye ka, ai komai ma za ka ce. Ita matarka, kai mijinta. Wa ya gani ban da ku?"

Kawu Ƙasimu ya fara laluben takalminsa. Nafi ta dafa ƙasa za ta miƙe, hawaye na ɗiga a kan tabarma. Sai aka ji murya daga bayan darni, ba da ƙarfi ba, amma ba wanda bai ji ta ba.

"Malam."

Malam Jibo ya daskare.

"Malam, Dalhatu bai fita da shanu ranar nan ba. Ni na ba Sadisu goran fura da hannuna."

Wayyo! Tun da Dalhatu ya zo duniya bai taɓa jin sunansa a bakin uwarsa ba. Ya kifa fuska a hannu ya fashe da kuka kamar ƙaramin yaro, bai damu da waɗanda ke wurin ba. Liman ya ce, "Allahu Akbar." Shi kuwa Malam Jibo ya fi kowa sanin abin da matar nan ta sayar kafin kalmomin nan su fito daga bakinta. Ya daɗe yana kallon darnin. Da ya juyo, muryarsa ta sauka.

"Sadisu."

Sadisu ya zube a gabansa. "Ni ne, Baba. Tsoro na ji. Ka yafe mini, Yaya ka yafe mini!"

Tsohon ya shafa fuskarsa da hannu biyu. Ya ce wa Maina ɓarna dai shanunsa suka yi, haƙƙinsa na nan, amma daga rabon Sadisu za a fitar, karsanar Dalhatu ta dawo garke. Sannan ya dubi inda Nafi ke durƙushe.

"Tashi, ƴata, kar ki wahalar da kanki. Shiga ciki, uwarki na jiran ki."

Nafi ta tarar da Inna a ƙuryar ɗaki, ta cusa fuska cikin zani.

"Na shiga uku! Gobe da wane ido zan je rijiya?"

Nafi ta rungume ta tana kuka tana dariya. "Inna, marsi, na gode. Wallahi marsi!"

"Ke, tafi can da marsinki! Ke kika ja mini, da tambayarki da ta hana ni sukuni tun daga Magaria." Amma ba ta sake ta ba, sai ma ƙara ƙanƙame ta da ta yi.

Dab da magariba suna tankaɗe a tsakar gida, Malam Jibo ya shigo, abin da ba ya yi a wannan lokaci. Ya tsaya jikin rumbu yana dudduba jinka kamar mai neman gara. Ya yi gyaran murya, ba tare da ya dubi kowa ba.

"Yaushe ne komawa wurin likitan?"

Nafi ta saci kallon Inna, Inna ta ɗan gyaɗa mata kai.

"Laraba ce, Baba."

"To. Ranar ni zan fita da shanu."

Ya juya ya fice da sauri, har yana tuntuɓe da turmi. Inna ta toshe baki da gefen zani, kafaɗunta na girgiza. "Kin ji ban haƙurin maza ke nan," ta raɗa mata. "Ki karɓa, ba za ki sami wanda ya fi shi ba."

Ƴan'uwana mata, abin da nake so ku ɗauka a nan shi ne, haƙuri ba ya nufin a haɗiye gaskiya, faɗin gaskiya kuma ba ya hana ladabi. Nafi ta sunkuyar da kai ta ba da haƙuri a kan abin da yake nata, ta ƙi sayar da mutuncin mijinta, Allah kuma Ya mayar mata da ɗakinta. Ku kuma iyayenmu maza, in kun ga mace ta ce "to" ta yi shiru, kada ku ɗauka ba ta da abin faɗa; ku tambaye ta tun kafin ta kai ga sai ta keta kunyarta. Ni dai har yau na rasa wadda ta fi burge ni, yarinyar da ta koyi sauke murya ba ta saki gaskiya ba, ko tsohuwar da ta ɗaga tata sau ɗaya tak don ɗanta. Allah Ya ba mu irin zuciyarsu, Ya kuma sa a riƙa sauraronmu tun muna magana a hankali.